Ƙanina ya nutse a hanyar Turai, an ce wai kada mu yi masa addu'a

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ƙanina ne ɗan shekara 24 ya bi ɓarauniyar hanya zai shiga Turai, ya ratsa hamada har ya kai Libiya, yau wata bakwai kenan da wani abokin tafiyarsa ya kira mu yace jirgin robar da aka zuba su a ciki ya kife da daddare, kuma ƙanina baya cikin waɗanda aka tsamo da rai. Gawa bamu gani ba har yau. Ni tun asali bana son irin wannan tafiyar, nasha faɗa masa shiga ƙasar mutane ba takarda ba daidai bane, har rigima muka yi, amma da ya kira ni daga can yana roƙo yace saura kuɗin tsallaka ruwa kawai, ni ce na ranto na tura masa. Ranar da ake mana gaisuwa wani dattijo cikin danginmu ya faɗa a gaban Mama wai yaron shi ya jefa kansa ga halaka, daidai yake da wanda ya kashe kansa, wai kada mu wahalar da kanmu da addu'a. Tun ranar Mama bata ƙara baccin kirki ba. Shi kuma mutumin da ya haɗa masa tafiyar yana nan yana yawonsa, ya sake mota, har yanzu yara yake tarawa, ko gaisuwa bai zo ba. Anti da gaske ƙanina ɗan wuta ne? Shi wancan ya ci bulus kenan? Ni fa da na tura kuɗin, ina da hannu a mutuwarsa? Ga autanmu shima ya fara cewa zai gwada sa'arsa.

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. In ya riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya sa wahalar da ya sha a hamada da firgicin da ya gani a ruwan nan su zame masa kaffara, in kuma yana raye a wani wuri Allah ya bayyana shi. Allah ya sanyaya zuciyar Mama. Da gangan na fara da addu'ar nan dan ki gane tun daga layin farko ni ban yarda da maganar dattijon nan ba, ko kaɗan.

Shi dattijon girmansa na nan, bance ki je ki tsaya gabansa kina ɗaga murya ba, amma abin da ya faɗa ya shiga hurumin da ba nasa ba. Akwai hadisi a Muslim, wani mutum ya rantse yace wallahi Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah yace wane ne wannan da yake rantsuwa a kaina cewa ba zan gafarta wa wane ba, to na gafarta masa, kai kuma na ɓata aikinka. Kinga haɗarin bakin da yake saurin raba wa mutane masauki a lahira. Kuma ko da a ce maganarsa gaskiya ce, a ce yaron kansa ya kashe, ai musulmin da ya kashe kansa ma babban zunubi ya yi amma bai fita daga musulunci ba, ana masa addu'a. Ki tuna labarin mutumin nan da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu bin Amr, ya yi rashin lafiya, zafin ciwo ya kai shi ya yanke gaɓɓan yatsunsa, jini ya zuba har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali sai dai hannuwansa a rufe, da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari sai ya ɗaga addu'a yace ya Allah hannuwan nasa ma ka gafarta musu. Shima a Muslim yake. To in wanda ya yanka jikinsa da hannunsa Annabi ya roƙa masa gafara, wa ya isa ya hana uwa yi wa ɗanta da ruwa ya ci addu'a?

Balle ma ƙaninki ba kansa ya kashe ba. Wanda ya kashe kansa mutuwar yake nema. Shi kuwa yaron nan rayuwa yake nema, ya shiga jirgin ne yana lissafin gobe, yana tunanin ranar da zai kira ku yace na iso, ƙila ma yana tunanin yadda zai biya miki bashin da kika ci dominsa. Hadisin da kowa ya haddace tun yana yaro, ayyuka suna tare da niyya, misalin da aka kawo a ƙarshensa ma na hijira ne, wanda ya yi hijira dan duniya da zai samu to hijirarsa tana ga abin da ya yi hijira dominsa. Wato ba za a bashi ladan muhajiri ba, shikenan, amma ba a ce neman duniyar ya maida shi ɗan wuta ba. Neman halal dan ka ciyar da iyayenka ba abin kunya bane a addini.

Yanzu bari na faɗa miki ra'ayina a kan ita hanyar kanta, tunda kema kin faɗi naki. Ina tare da ke, bana goyon bayanta, kuma duk yaron da ya tambaye ni zan ce masa kada ya je, da babbar murya. Hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura ta lissafa sama da mutum 63,000 da suka mutu ko suka ɓace a hanyoyin ƙaura na duniya tsakanin 2014 da 2023, kuma waɗanda aka iya ƙirgawa kenan, wanda yashi ya rufe a hamada ko jirgin da ya nutse ba wanda ya gani ba sa cikin lissafi. Ranar 3 ga Oktoban 2013 mutum sama da 360 suka mutu dab da tsibirin Lampedusa na Italiya, suna hango gaɓa. A watan nan dai na Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. A Afrilun 2015 jirgi ɗaya da ya taso daga Libiya ya nutse da mutum wajen 800, mutum 28 kacal suka tsira. A Yunin 2023 wani ya sake kifewa kusa da Girka ɗauke da ɗaruruwan mutane, 104 aka ceto. Kuma ba ruwa da yashi kaɗai ba, a 2022 mutum 53 suka mutu cikin akwatin tirela a jihar Texas ta Amurka saboda zafi da rashin iska. Wanda ya ji wannan ya san malaman da suke cewa bai halatta mutum ya sa kansa a irin wannan haɗarin ba suna da hujja, ayar Baƙara ta 195 da take cewa kada ku jefa kanku da hannunku zuwa ga halaka suna kafa hujja da ita a nan, kuma ni ina ganin sun yi daidai. Ranka amana ce a hannunka, ba naka bane da zaka sa shi a caca.

Sannan maganar doka da kika yi masa, itama gaskiya ce. Kowace ƙasa tana da haƙƙin ta san wa ya shigo mata, kamar yadda ba zaki so ki farka ki tarar da baƙo a tsakar gidanki ba sallama ba, kuma hanyar nan tana jawo ƙarya kala kala, sunan bogi, shekarun bogi, labarin bogi na neman mafaka wanda yake ɓata wa masu gudun yaƙi na gaskiya lamarinsu. Musulmi an san shi da gaskiya da cika alƙawari. Duk wannan na yarda.

Amma kinga, a ce aiki kuskure ne daban, a ce mai aikin ya halaka a lahira daban, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ke cikinta. Ya san abin da yaron ya sani da wanda aka ɓoye masa. Nawa ne cikin yaran nan ake ce musu babban jirgi ne, awa kaɗan ne kun tsallaka, sai sun zo bakin ruwa cikin duhu su ga roba ce aka hura, ga masu bindiga a bayansu, komawa ba dama? Ya san abin da ya koro shi daga gida, Hausawa suka ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya san abin da ya faɗa a minti na ƙarshe da ruwa ya fara shiga, kuma ni ina kyautata zaton yaro musulmi a irin wannan halin ba abin da zai fito daga bakinsa sai kalmar shahada da kiran Allah. Dattijon baya cikin jirgin. Ba a nuna masa littafin aikin kowa ba.

Kuma akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ya lissafa shahidai biyar, cikinsu har da wanda ruwa ya ci. Zan gaya miki gaskiya dan kada wani ya zo gobe ya rikita ki, malamai sun yi saɓani a kan wanda ya shiga ruwa yana sane da cewa halaka ta fi tsira yawa, wasu suka ce bai samu wannan darajar ba, wasu suka ce yana da ladan shahadarsa kuma yana ɗauke da laifin gangancinsa. Saboda haka bance ki riƙa yawo kina cewa ƙanina shahidi ne tabbas ba. Abin da nake cewa ƙofar fata a buɗe take wangale, kuma a cikin ɓangarorin biyu ba wanda yace a daina masa addu'a.

Wani abin da yake damuna da yadda mutane suke magana a kan baƙin haure, sai ka ji kamar biza ce za a tambaya a kabari. Ko dokar duniyar ma da muke ta ambato bata haɗa yaron da dillalinsa a kwando ɗaya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 kan fasa ƙwaurin bil'adama, wadda aka fi sani da ta Palermo, ƙarara ta faɗa cewa wanda aka yi safararsa ba za a gurfanar da shi ƙarƙashinta dan kawai an yi safararsa ba, masu safarar ake nema. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 itama tace wanda ya gudo daga inda ransa ke cikin haɗari kada a hukunta shi dan ya shigo ba takarda, in dai ya miƙa kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Na san ƙaninki ba gudun yaƙi ya yi ba, neman abinci ya fita, na kawo miki ne dan ki ga mutane ma da gajeren iliminsu sun iya bambancewa. To ina ga wanda ba ya zaluntar kowa ko da gwargwadon ƙwayar zarra.

Sai maganar wancan mutumin mai sabuwar mota, kuma a nan nake so ki nutsu sosai. A'a, bai ci bulus ba. Ba wanda yake cin bulus da haƙƙin mutane. Akwai hadisi ƙudusi a Bukhari da duk lokacin da na ji labarin hanyar nan shi yake fara faɗo min, Allah yace mutum uku ni ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, wanda ya yi alƙawari da sunana sannan ya yi yaudara, da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Ki duba ukun nan da kyau, kamar hoton hanyar aka zana tun daga farkonta har ƙarshe. Na farko dillalin da yake dafa ƙirji yana rantsuwa da Allah cewa hanya lafiya lau, ya kai mutum ɗari ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Na biyu masu gidajen tsare mutane a can, masu miƙa yaro daga hannu zuwa hannu kamar kaya, suna dukansa suna kiran iyayensa a waya su ji ihunsa dan a turo kuɗi, kuma ba tatsuniya bace, a Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400. Na uku kuma yana can a ƙasashen da ake mutuwa dan a shiga, mai gona ko mai kamfanin da ya san ba ka da takarda ba ka da bakin kai ƙara, ya sa ka aiki daga asuba har dare ya ba ka abin da ya ga dama ko ya hana ka gaba ɗaya. Shima da yake taƙama shi ɗan ƙasa ne mai takardu, sunansa yana cikin hadisin. Haka duk wanda ya ga jirgi yana nutsewa yana da ikon ceto ya juya baya. Iyakar ƙasa tana ba ka damar ka mayar da mutum inda ya fito, bata ba ka damar ka bar shi ya mutu kana kallo ba.

Ranar alƙiyama abu na farko da za a fara yanke hukunci a kansa tsakanin mutane shi ne jini. Kuma Annabi ya tambayi sahabbai ko kun san wane ne matsiyaci, suka ce wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya, yace a'a, shi ne wanda zai zo da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, sai a riƙa ɗiban ladansa ana ba su, in ladan ya ƙare ba a gama biya ba a ɗebo zunubansu a jibga masa. Hatta tunkiyar da ba ta da ƙaho sai an rama mata a kan mai ƙahon da ta tunkuye ta. Idan kin ga motar nan ta wuce zuciyarki ta tafasa, ki karanta aya ta 42 a Suratu Ibrahim, kada ka zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai suke aikatawa, yana jinkirta musu ne kawai zuwa wani yini da idanu za su fiffito. Alhaki kwikwiyo ne ƙanwata, mai shi yake bi.

Sai dai zan riƙe hannunki a wuri ɗaya. Yadda na hana dattijo yanke wa ƙaninki wuta, haka kema ba zaki yanke wa dillalin ba. Gwargwadon abin da ya sani, da ƙaryar da ya yi, da rabonsa a cikin jinin nan, Allah ne zai auna, kuma ƙofar tuba bata rufe masa ba matuƙar yana numfashi, illa dai tubansa ba ya cika sai ya daina, ya maida haƙƙin mutane, ya nemi yafiyar irin su Mama. Ke kuma ba dole bane ki yafe, haƙƙinki ne, in kin yafe kin samu lada in kin riƙe sai kun haɗu gaban Allah ba ki yi laifi ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an bar shi da Allah a naɗe hannu alhali har yanzu yara yake tarawa. Kalmar nan ta na bar shi da Allah tana da kyau a kan abin da ya wuce, amma yaron da zai ɗauka wata mai zuwa fa, uwarsa kuma fa? Imani da hisabin lahira bai ɗauke mana hana ɓarna a duniya ba. Ki tattara duk abin da kike da shi, shaidar tura kuɗi, lambobin waya, saƙonnin murya, sunan abokin tafiyar da ya kira ku in zai yarda ya bada shaida, ki samu wani namiji mai hankali cikin dangi ko lauya ku kai wa hukumar da take yaƙi da safarar mutane a ƙasarku. In kin san wasu iyalan da abin ya shafa ku haɗu, ƙarar gida biyar ta fi ta gida ɗaya nauyi. Kada ki ce ai ba a taɓa kama irin su, ana kamawa. Matuƙin jirgin nan na Afrilun 2015 kotun Italiya ta ɗaure shi shekara 18. Waɗanda suka yi sanadin mutuwar 'yan Biyetnam 39 cikin akwatin babbar mota a Ingila a 2019, an yanke musu ɗaurin shekaru masu yawa, wani har shekara 27. Amma dan Allah kada ki je masa gida da kanki, kada ki sa hotonsa a Facebook kina zagi, irin mutanen nan ba su kaɗai suke aiki ba, kuma kada a bar samarin gidanku su ɗauki doka a hannu, asara ɗaya ta isa.

Yanzu ke. Na san wannan tambayar ce take hana ki bacci duk da kin sa ta kusan ƙarshe. Ba ke kika kashe shi ba. Kin hana shi tun farko har kuka yi rigima, bai ji ba, sai da ya kai wurin da zaman cikinsa ma haɗari ne sannan ya kira ki yana roƙo. A ranar nan zaɓi biyu ne a gabanki kuma ba mai daɗi a ciki, ki tura ya shiga ruwa, ko ki hana ya zauna a hannun mutanen da kin ji irin abin da suke yi. Da kin hana wani abu ya same shi a can, yau da wasiƙar da zaki rubuto min cewa zata yi ni ce na ƙi tura masa. Tausayi ne ya tura kuɗin nan. In zuciyarki tana ce miki da kin matsa masa ya nemi hanyar dawowa gida, to ki yi istigfari a kan wannan ki wuce, Annabi ya hana mu yawan da na yi kaza da kaza, yace tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan, ki ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata. Ajalinsa a rubuce yake tun yana cikin cikin Mama.

Akwai abubuwan da zaki iya yi masa yanzu, kuma yin su zai rage miki wannan nauyin. Ki bincika ko shi da kansa ya ci bashin wani kafin ya tafi, dan yawancin masu tafiyar nan da rance suke tashi, kuma bashi abu ne da ko shahidi ba a yafe masa, ku haɗu a biya ko a nemi masu shi su yafe. Naki bashin kuma kada ki ɗauke shi ke kaɗai a ɓoye saboda kunya, ki faɗa wa 'yan uwanki, ɗan uwansu ne su ma. Ki yi masa sadaka daidai ƙarfinki, Sa'adu bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ba sai kin haƙa rijiya ba, ko mai ƙishi ɗaya kika shayar da niyyarsa ya isa a rubuta.

Tunda ba a ga gawa ba kuma maganar mutum ɗaya ce kawai a hannunku, ku je ofishin Red Cross mafi kusa da ku, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace da sada su da iyalansu, kyauta ne, ku kai hotonsa da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe da garin da ya ce yake. Bana so na ɗaga miki rai da fatan da ba shi da tushe, sau da yawa ba a samun komai, mafi yawan waɗanda suka mutu a hanyoyin nan ko sunansu ba a gano ba, amma gara a ce sunansa yana cikin rajistar masu nema. Ku kuma yi hattara, akwai 'yan damfara masu bibiyar iyalai irin naku, su kira su ce yana raye a wani gidan yari a turo kuɗi, kada a tura ko sisi sai kun ji muryarsa kun yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Maganar abin da ya bari kuma kada a yi gaggawar rabawa, wanda ya ɓace yana da hukuncinsa na musamman a shari'a, alƙali ne yake yanke lokacin da za a ɗauke shi a matsayin mamaci.

Autanku kuma faɗa ba zai tsayar da shi ba, kin gwada da yayansa kin gani. Ki zaunar da shi ki tambaye shi me yake gudu, me yake so ya zama, dan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In fita waje yake so lallai, ku taya shi bin ta ƙofa, fasfo, sana'ar hannu mai shaida, neman gurbin karatu ko aikin da aka tantance, ko da zai ɗau shekaru. Ki haɗa shi da abokin tafiyar nan da ya tsira ya ba shi labarin daren da bakinsa, maganar wanda ya sha ruwan gishirin ta fi tamu shiga. Kuma ki faɗa masa tun yanzu a gaban kowa cewa ko daga ina ya kira, kuɗin wannan hanyar ba zai fito daga gidanku ba, dan kada ya tafi da lissafin cewa in ya maƙale Yaya zata ranto.

Mama kuma kada ki bar ta da maganar dattijon nan ita kaɗai cikin dare. Ki samu malamin da ta yarda da shi, mai ilimi mai taushin harshe, ya zo har gida ya karanta mata hadisin Ɗufailu da na wanda ruwa ya ci, dan daga bakin malami zai fi zauna mata fiye da daga bakinki. Kafin ya zo, yau bayan sallar isha ki shimfiɗa dardumarki kusa da tata, ki ɗaga hannu ki kira sunansa da ƙarfi yadda zata ji, ki roƙa masa gafara, ki bar ta ta ce amin.